Mai Ɓare Lemu Ba Ta Nan

Amparo ta riƙo hannun mahaifinta suka shiga ɗaki na goma sha huɗu na gidan zane-zane, sai ta ga bango wayam. Inda zanen da suka zo gani yake a da, wata 'yar takarda aka manna: an ba da aronsa Japan, sai watan Maris zai dawo.

Likita kuwa ya ce kafin Janairu ɗan sauran ganin tsohon zai ƙare.

Shekara talatin da ɗaya mahaifin nata, Anselmo, yana gadin ɗakin nan a babban gidan zane-zane na Madrid, tsaye a gefen zanen wata mata da ake kira Mai Ɓare Lemu, ya juya mata ƙeya. Aikin ke nan: mai gadi mutane yake kallo, kada wani ya miƙa yatsa. Ita kanta kallon wucewa kawai ya taɓa yi mata. Da ya bar aiki kuma, sai gobe sai jibi, har ido ya fara tafiya.

"Ga ta nan, Baba," in ji Amparo. Muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Kana ganinta?"

Ya ɗaga kai ya kasa kunne. Tausayinsa ya kama ta, har ta ji ta tsani kanta.

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba, uwarki ta fi ki," ya ce. "In matar nan tana nan, ko takun takalminki ba za ki ji ba don jama'a. Saurara fa. Kamar coci ranar Talata."

Mai gadin da ke bakin ƙofa ya taso. Eusebio ne, wanda ya gaji wurinsa shekara tara da suka wuce.

"Tsoho! Ashe kana raye?"

"Don in ba ka haushi. Ina kuka kai min mata?"

"Ta tafi yawon duniya. Sai Maris."

"Maris," Anselmo ya maimaita.

Amparo ta ce akwai hotonta a waya. Ya ce ba waya ya zo gani ba. Ya laluba ya kamo hannun rigar Eusebio.

"To kai gaya min. Hannunta na hagun nan da masu kallo ke ta surutu a kai. Me ke cikinsa har suke ƙamewa haka?"

Eusebio ya buɗe baki. Ya dubi bangon, ya dubi Amparo, ya sosa kai.

"Tsakani da Allah, tsoho," ya ce a hankali, "ni cewa nake sai na yi ritaya in zo in kalle ta a tsanake."