Ba a Dawowa a Kiran Farko

Wata huɗu Morolake ta yi tana zana manhajar Apere, wadda za ta bai wa mutum damar yin cefane daga kasuwar Bodija ta Ibadan yana kishingiɗe a gidansa. Kuma tsakani da Allah ta zanu. Tumatir ja wur a fuskar waya, attarugu kamar ka kai hannu ka ɗauka, ga maɓallin biya kore shar a ƙasa, daidai inda babban yatsa yake sauka. Danna uku ka gama. Ita kanta takan buɗe manhajar a cikin tasi don kawai ta kalla ta ji daɗi.

Matsalar ɗaya ce, matan Ibadan ba sa biya. Za su shiga, su zaɓa, su cika kwando har da doya da manja, da sun zo kan koren maɓalli sai su rufe manhajar su kama gabansu. Morolake ta ƙara wa maɓallin girma. Ta mayar da shi ruwan lemo, ta sake dawo da shi kore. Ta ɗaga shi sama, ta sake sauko da shi. Ko gezau.

Ran Litinin Oga Fadeyi, mai kamfanin, ya kira ta ofishinsa. Mutum ne mai fara'a, har lokacin da yake shirin korar ma'aikaci.

"Rolake, 'yar gidana, ran Juma'a masu zuba jari za su zo. In har lokacin ba ki gano abin da yake korar matan nan ba, zan sayi zanen da ake sayarwa a shirye. Kin kuwa san wanda ya sayi zane ba ya riƙe mai zane."

Ba rashin aikin ne ya fi tayar mata da hankali ba, kujera ce. Wata 'yar kujerar katako da mahaifiyarta, Iya Rolake, ta ajiye mata a rumfarta ta kayan miya tun ranar da ta gama jami'a. Shekara talatin tsohuwar tana sayar da tattasai a Bodija, kuma a wajenta abin da 'yarta take yi sunansa shafa waya, ba sana'a ba. Duk haɗuwarsu sai ta ce, "Kujerarki na nan, kullum ina goge ta."

Morolake ta san ƙa'idar aikinta sarai: ka miƙa wa mutum waya, ka ja bakinka ka yi shiru, ka kalli abin da zai yi. Ta gwada da abokan aikinta, duk sun biya salin-alin. Mutum ɗaya take gudu, mahaifiyarta, kuma ran Talata da hantsi dole ta kai ta wajenta. Ta durƙusa ta gaishe ta a tsakanin kwandunan tattasai, sannan ta miƙa wayar.

"Maami, don Allah ki yi cefane da wannan in gani."

Iya Rolake ta goge hannu a zaninta ta karɓa. Ta kushe tumatirin, wai ya cika kyau, wanda ya ɗauki hoton ya ɓoye na ƙasa. Duk da haka ta zaɓa, ta ƙara albasa da manja. Da farashin ya fito sai ta ja wani dogon tsaki, ta rufe manhajar, ta kife wayar a kan tire, ta harɗe hannuwa ta juya fuska gefe.

"Maami, maɓallin ne ba ki gani ba?"

"Makauniya ce ni? Abu ya kusa cika wayar."

"To me ya sa kika rufe?"

"Yi mini shiru, jira nake yi."

"Jiran me?"

"Ta kira ni mana!"

Suka zauna suna kallon bayan waya. Can tsohuwar ta girgiza kai. "Wannan mai kayan taku ba ta da tarbiyya. Na yi fushi na tafi, ta bar ni na tafi."

Kafin Morolake ta ce uffan wata mata mai jan ɗankwali ta tsaya ta taya kwandon attarugu. Da ta ji kuɗin ta dafe ƙirji, ta ce ai ba gonar ta zo saya ba, ta yi gaba tana taku ɗaiɗai. Iya Rolake ko kallonta ba ta yi ba, sai da matar ta kusa teburin mai kifi.

"Anti mai jan ɗankwali! Haba, dawo mana, faɗa muka yi?"

Matar ta dawo tana ƙunƙuni, aka auna mata, aka ɗora mata gyarar attarugu cike da hannu, ta tafi tana murmushi kamar ta ci gasa. Kunya ta kama Morolake har cikin ranta. A gindin teburin nan ta yi rarrafe, ta ga wannan wasan ya fi sau dubu, amma ta je ta zana kasuwar da ba a kiran kowa. Ashe matan ba guduwa suke yi ba, ciniki suke yi.

"Maami, tsawon wane lokaci kike bari kafin ki kira?"

"Taku bakwai. In kin kira da wuri ta san kin matsu. In kin makara ta isa wajen Iya Sikira mai rumfar gaba."

Nan take Morolake ta sa mai kifi, mace mai jiki, ta yi mata taku bakwai sau uku tana auna lokacin da agogon waya. Sannan ta naɗi muryar uwarta, bayan tsohuwar ta ja mata rai kamar za ta ba ta aron gwal. Da ta koma ofis Oga Fadeyi ya ɗan yi gardama a kan gyara, ta ce masa masu kayan suna bayarwa tun kafin a haife su, kamfanin ne ya cire. Ran Alhamis aka saki sabon zanen, kwandunan da aka yasar suka fara dawowa. Murna ta ɗebi Oga har ya ce a gayyato tsohuwar ta gwada a gaban baƙi.

Ran Juma'a Iya Rolake ta iso da ɗaurin ɗankwalin da ya kusa taɓa fanka. Baƙi uku suna zaune, an haska fuskar wayar a bango. Ta cika kwando, ta ja tsakinta, ta rufe, ta kife. Bayan taku bakwai wayar ta yi magana da muryar tsohuwar: "Anti, dawo mana, faɗa muka yi? Na ƙara miki attarugu."

Baƙi suka kwashe da dariya. Iya Rolake kuwa ko motsi, ta kafe ido a taga. Dariyar ta mutu. Oga Fadeyi ya fara sassauta wuyan rigarsa yana hararar Morolake, ɗaya daga cikin baƙin ya duba agogo. Morolake kuwa taku take ƙirgawa a zuci.

Wayar ta sake magana, wannan karon da muryar Morolake, a marairaice: "Haba uwata, kya bar ni in koma gida da kaya? Zo ki ɗauka, har da albasa biyu."

Tsohuwar ta juyo a hankali, ta ɗauki wayar, ta danna koren maɓalli. Ɗakin ya ɗauki tafi, Oga ya fi kowa. Ita kuwa 'yarta take kallo.

"Wa ya gaya miki mai wayo ba ta dawowa a kiran farko? Ni ban faɗa miki ba."

"Maami, a gindin teburinki na girma."

Iya Rolake ta gyara ɗaurinta, ta daɗe tana gyarawa, don kada baƙi su ga idonta.

"Albasar ta yi ƙanƙanta," in ji ta. "Kujerar nan kuwa Iya Sikira ta daɗe tana roƙona, gobe zan ba ta. Mai rumfarta ba ta zama a ta wani."