Sifikar Baya

Amfilifaya ɗaya. Akwatin wufa, babbar sifika mai inci goma sha biyu. Jar waya mai kauri, fis biyu, salatif. Su ke nan a kujerar baya, suna zamewa duk sanda na sha kwana.

Motar Baba ce. Wata biyar da rasuwarsa, wata huɗu da dawowata daga karatu, ni ke tuƙa ta. Komai nata lafiya, ban da sauti. Sifikar baya ta yage tun ina firamare. Da ganga ta buga a kaset sai ta kama zuuu, kamar an kulle zuma a gwangwani. A haka ya kai mu makaranta shekara da shekaru, yana buga sitiyari da zobensa.

Tun da ya rasu Inna ba ta barin ɗakinta sai don abu ɗaya: duk sanda na shigo da motar, zan same ta a bakin ƙofa da kofin ruwa.

Na kai motar wurin Rewaya, mai gyaran wayoyin mota. Ya tsufa, amma rumfarsa na nan yadda na bar ta, matattun batura a jere, benci mai ƙafa uku da bulo.

"Ɗan boko, wannan akwatin fa? Kiɗa za ka ji ko ƙaura za ka yi?"

"Cire tsohuwar kawai, Kawu."

Ya kwance ta, ya jujjuya a hannu. An liƙe yagewar da gam da wani ƙyalle mai furanni.

"Sau uku ina ce wa babanka mu canza ta. Ya ce ƙararrawarsa ce, in bar masa abarsa."

Ban tambaye shi me yake nufi ba. Ya wurga ta kwandon tarkace.

"Da yamma masu sayen ƙarfe za su kwashe," in ji shi.

Ya ja jar wayar daga batir, ya bi da ita ƙarƙashin kafet, ya ɗaure akwatin a but. Da ya kunna, madubi ya hau rawa. Sauti tas, babu zuma ko ɗaya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na shigo layinmu da ƙarar da ta sa mai shago leƙowa. Bakin ƙofa babu kowa. Na sami Inna a gefen gado tana ninke kaya.

"Yaushe ka shigo?"

"Inna, duk layin nan sun ji ni."

"Na dai ji wata mota. Na ce 'ya'yan mutane ne marasa aikin yi."

"Tamu ce."

"A'a. Tamu mura gare ta." Ta shafe wata riga da tafin hannu. "Tun daga kwana nake jin ta, in tashi in ɗebo ruwa. Sabon ɗankwalina babanka ya yaga ya liƙa mata, ko tambayata bai yi ba."

Ba ta ce in dawo da ita ba. Ta ɗauki wata rigar.

Na duba agogo, huɗu saura. Na fita, na shiga motar, na ja ƙofa na rufe, sannan na kira Rewaya.

"Kawu, kada ka bari a taɓa kwandon nan. Ga ni nan zuwa. Mayar da ita za mu yi."