Itacen Kabarin Malamin Daji

"Matso mana, Jibo. Yau ba kama ka zan yi ba."

Jibo ya ja tabarma kusa da gadon. Kwana uku ke nan da aka dawo da Malam Ɗanjuma daga asibitin Malumfashi, aka ce a je gida a ci gaba da addu'a. Shekara talatin da biyu ya yi yana aikin malamin daji, yana zaga gandun daji a kan keke, yana ƙwace gatari a hannun masu sara. Na Jibo kaɗai sau huɗu ya ƙwace, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma kullum tare suke cin tuwo a rumfar ƙofar gidan Jibo.

"Ka san halin mutanenmu," in ji Malam Ɗanjuma, yana magana yana hutawa. "Da an ce mutum ya cika, bishiyar da ta fi kusa ake hawa a saro itacen rufe kabari. Maɗacin ƙofar gidana, ni na dasa shi, da buta na raine shi. Kada ka bari a taɓa shi saboda ni."

"Duk garin nan ka rasa wanda za ka ba amanar bishiya sai ni?"

"Kai ka san ta inda ake hawa."

Jibo ya tuntsire da dariya, har sai da ya ji hannun mutumin a kan nasa, ba nauyi, kamar busasshen kara. Ya ce, "Na ji, Malam."

Washegari da hantsi rai ya yi halinsa.

Jibo na fitowa daga wurin wankan gawa ya tarar da Mannir, babban ɗan mamacin, ya jingina tsani da maɗacin, gatari a kafaɗa. Masu haƙa sun aiko cewa kabari ya kusa, itace ake jira.

"Sauko, Mannir."

"Baba Jibo, lokaci ya ƙure. Reshe biyu kawai. Ai nasa ne, wa ya fi shi cancanta?"

"Shi da bakinsa ya ce a'a."

"To da me za mu rufe shi?"

Jibo ya dubi maɗacin. Ya waiga hagu da dama, sai idonsa ya sauka a kan rumfarsa. Ya karɓi gatarin, ya je ya yaye zanar, ya fara girgiza dirka.

Matarsa Tasalla ta leƙo daga zaure, ido jawur. "Malam, lafiya?"

"Ƙirya ce, gara ba ta ci. Ta fi maɗaci ma."

Ta rage murya. "Ba dirkokin nan ne ka shigo da su daga gandun daji ba, ka lulluɓe da karan dawa a amalanke, shekarar da aka haifi 'yarmu Naja'atu?"

"Su ne."

"Shekara ashirin Malam Ɗanjuma yana zama a ƙarƙashinsu. Kana ganin bai gane ba? Mutumin da ke gane itace da wari?"

Jibo ya tsaya da dirkar a rungume. Shi dai duk tsawon shekarun nan kallon mai wayo yake yi wa kansa. Ya share fuska da hannun riga, ya ce wa Mannir ya zo ya kama masa.

Aka datsa su daidai faɗin kabari. Jibo da kansa ya jera su, ɗaya jikin ɗaya, aka liƙe da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da ya dawo bayan la'asar, Tasalla ta share wurin, ta ɗauko ƙasa a kwano za ta cike ramukan dirkokin.

"Bar su tukuna," in ji shi.

Ya zauna a kan zanar da aka naɗe. Wata kaza ta zo ta leƙa ramin farko, ta tona gefensa, ta kwanta.