Jifan da Kurege Ya Yi

A shagonmu ba a kiran mutum da baki. Injin niƙa ne, kuma in Yaya ya tayar da shi da safe, ko ka tsage maƙogwaro wanda ke gefenka ba zai ji ka ba. Shi ya sa muka ajiye wani tsohon bokiti a bakin ƙofa, cike da totuwar masara. In kana son mutum sai ka ɗauki guda ka jefe shi a baya. In bai juyo ba ka ƙara. In har yanzu bai juyo ba, to, ka nemi abin da ya fi totuwa nauyi. Haka muka tarar ana yi. Yaya kansa kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi a jikin inji, ko a gida sai an taɓa shi yake sanin da shi ake.

Kurege ɗan Yaya ne, shekararsa bakwai. Mun sa masa sunan ne saboda aljihunsa, kullum a cike yake da tarkace, murfin kwalba, guntun waya, noti, duk abin da ya tsinta. Uwarsa tana aikin shara a asibiti, sai yamma lis take dawowa, don haka a shago ya yi rarrafe, a shago ya yi wayo. Maganarsa ma da ƙarfi yake yin ta, kamar mai faɗa. Hannunsa kuwa ba ya kuskure. In ya jefi ubansa da totuwa ta same shi a ƙeya, mata masu jiran niƙa su yi ta dariya suna cewa yaron nan maharbi za a yi.

Ni nake kai shi makaranta kowace safiya. Ni a aji huɗu na tsaya, shi ya sa in muna tafe yana ƙoƙarin karanta allunan shaguna, yana haɗa baƙi da baƙi da ƙyar, sai in rage sauri don kada mu wuce bai gama ba.

Ranar da abin ya faru, maigadin makarantar ne ya zo har shago. Ya tsaya yana ta motsa baki, sai da na ja shi waje.

"Ɗanku ya fasa wa Malama goshi," in ji shi. "Ka wanke fuskarka tukuna, gari ya mayar da kai kamar fatalwa."

Na tarar da Kurege a ofishin Hedimasta, a tsugune a lungu, ya matse ƙafafu. An riga an tafi da Malama ɗinki. A kan tebur ga notin da ya jefe ta da shi, irin manyan nan da muke ɗaure farantin inji da su. Da ganinsa na san daga ina ya fito.

Hedimasta dattijo ne, ba mai hayaniya ba. Ya ce ba Kurege ne na farko ba. A zangon nan wata yarinya ta ciji malaminta a hannu, wani kuma ya shuri mai koya musu lissafi don ya karɓe masa abin wasa. "Amma jini ban taɓa gani ba sai yau," in ji shi. "Ka tafi da shi. In malamarsa ba ta ce ya dawo ba, ni ba zan ce ba."

Sai a hanya na lura wandonsa a jiƙe yake. Na zaunar da shi a kan wani dakali.

"Me ya haɗa ka da ita?"

"Fitsari nake ji, Baffa. Na kira ta, na kira ta. Tana rubutu a allo."

"Sai ka yi yaya?"

"Na jefe ta da takarda. Ba ta juyo ba. Na jefe ta da murfin biro." Ya sunkuyar da kai. "Sai ya zubo. Suka yi ta dariya, har da na gaba."

"Notin fa?"

Ya ci gaba da murza bakin rigarsa.

Kafin mu isa shago labari ya riga mu. An ɗauke wuta, inji a kashe, mata sun zauna a kan buhuna kowa da bayaninta.

"Wayar nan ce," in ji wata mai goyo. "Duk abin da suka gani sai sun gwada."

"Wace waya? An hana malamai riƙe bulala, me kike jira?" in ji wata tsohuwa. "Mu a da, inuwar malami ma ba ma takawa."

"Haba Inna, ke da ba ki taɓa shiga aji ba, a ina kika ga inuwar?"

"Na gan ta ta taga, 'yar nema."

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce ai iyaye ne, su je su zagi malami a gaban ɗansu, gobe yaro ya ɗora daga inda suka tsaya. Yaya yana zaune yana kallon bakunansu. Da na matsa kusa da kunnensa na gaya masa, sai ya tashi ya shiga goge inji da ba ya buƙatar guga.

Washegari na nemi gidan Malama. Matashiya ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Na same ta a tsakar gida da bandeji a saman gira, ga tulin littattafan yara a gefenta. Na gaishe ta, na yi mata sannu, sannan na ba ta labarin bokitin totuwa yadda yake, da abin da ya sami Kurege a aji. Ta saurara har ƙarshe.

"Na ji," in ji ta. "Jifan farko kira ne. Na biyun ma na yarda kira ne. Na ukun fa?"

Na ce na ukun ba kira ba ne.

"To, ka ga mun daidaita." Ta taɓa bandejin. "Takardar na ji ta a bayana. Amma ka taɓa shiga ajin nan? Benci ɗaya yara sun cushe kamar ashana. Kullum ana jifa, kullum ana ihu. In na juyo don kowace takarda ba zan rubuta layi ɗaya ba. Ban san abin da ya same shi ba, wallahi, sai yanzu da ka faɗa." Ta gyara tulin littattafan. "Jiya ban yi barci ba. Ina tunanin yadda zan sake juya wa aji baya."

Na ce ta yi haƙuri. Na ce ya fara karanta alluna.

"Na sani. Ni na koya masa." Ta ɗan yi murmushi. "Ku zo ranar Litinin da babansa. Zan ce a mayar da shi, in sa shi a gaba inda zan riƙa ganinsa."

Na dawo da gudu kamar wanda aka yi wa bushara. Na gaya wa Yaya a kunne, ya gyaɗa kai.

Ranar Litinin Yaya ya sa rigarsa mai kyau. Muka shiga ofis, Hedimasta ya nuna mana kujeru, Malama na tsaye a jikin taga. Yaya bai zauna ba. Ya dubi goshinta, na ga idonsa ya kaɗa. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani yankin tsohon bel na inji da ya naɗe.

Yaya ba mugu ba ne. Magana ce ba ta zo masa da sauƙi, kuma a ganinsa wanda ya zubar wa mutum jini ba ya zuwa da baki kawai. Yana so Malama ta gani da idonta cewa bai raina ta ba. Ya kamo Kurege a hannu ya fara zuba masa.

"Ya isa! Malam, ya isa!" Malama ke faɗa. Hedimasta ma ya miƙe yana magana. Yaya bai ji ko ɗaya ba, ya ba su baya. Kafin in zagayo tebur, ita ta riga ni, ta riƙe masa hannu da hannayenta biyu. Yara sun cika taga suna leƙe.

Yaya ya juyo yana haki. "Kin huce?" ya tambaye ta, da wannan babbar muryar tasa.

Ta sakar masa hannu. Hedimasta ya ce yaro ya dawo aji daga gobe.

Kurege bai yi kuka ba. Kuma ba ubansa yake kallo ba, Malama yake kallo.

Da safe na sa masa riga muka kama hanya. Bai karanta allo ko ɗaya ba. Muna isa ƙofar makaranta ya rungume ƙarfen ƙofar da hannu da ƙafa. Na lallashe shi, na yi masa alkawarin biro mai launi. Da na nemi ɓamɓare shi sai ya kafa mini haƙori a hannu. Malama ta fito ta durƙusa a gabansa, ta kira shi da sunansa na gaskiya.

"Zo ka ga wurinka. A gaba ne, kusa da ni."

"Ke kika sa," in ji shi, da ƙarfi, har maigadi ya juyo.

"Ban sa ba, ɗana."

"Ke kika sa."

Haka muka yi ta yi har satin ya ƙare. Uwarsa ta ɗauki hutu ta gwada da kanta, ta dawo da mayafi a yage. Daga nan Yaya ya ce a ƙyale shi ya huce, in ya so a koma. Ni ma na ce hakan ya yi.

Yanzu shi ke riƙe bakin buhu in gari na zuba, kuma ya iya. Da farko Malama takan biyo ta layinmu in an tashi, ta tsaya daga bakin titi. Ni in fita mu gaisa, shi kuma ya shige bayan buhuna har ta tafi. Daga baya aka mayar da ita wani aji, ta daina biyowa.

Kwanan baya uwarsa ta ciro rigar makarantar daga akwati ta gwada masa, rigar ta tsaya masa a cibiya. Ta wanke ta, ta goge, ta ce in miƙa wa maƙwabtanmu, nasu yaron zai fara zuwa. Na tsaya da ita a hannu a bakin ƙofarsu na ɗan jima kafin in yi sallama.