Kwaɗin Cikin Gora

Mubina ta zo Kuala Lumpur daga Kano don yin digiri na uku a kan wani ɗan kwaɗo da bai fi kan babban yatsa ba. A cikin gora yake hayayyafa. Idan ƙwaro ya huda gorar, ruwan sama ya taru a ciki, nan macen take zuba ƙwanta. Ita da malamarta, Dakta Norlia, a wani ɗan kurmi kawai suka taɓa samunsa, can bayan unguwar Taman Melati.

Da korona ta yi tsanani aka sa dokar kulle, aka rufe ɗakin gwaje-gwajensu. Mubina ta kwashe talibambam ɗin da suke reno, ta kai su gida a robobi.

Mijinta Sha'aibu ya tsaya yana kallo. "Fisabilillahi, da kwaɗi za mu zauna a falo?"

"In na bar su can mutuwa za su yi."

"To, boleh," in ji shi, wato "ba laifi" da harshen Malay, ya janye kujera.

Ruwan sama take tara musu a baranda. Da suka yi ƙafa, ta riƙa ajiye ruɓaɓɓiyar ayaba don ƙananan ƙudaje su taru, su samu abinci. Kullum Dakta Norlia sai ta kira ta a bidiyo ta gan su. Wata rana ta kira tana tari. Daga nan ba ta sake kira ba. A waya Mubina ta ji rasuwarta, ko jana'iza ba a bari ta je ba.

Da aka sassauta dokar, Sha'aibu ya raka ta su saki kwaɗin a kurmin. Sai suka tarar an kewaye wurin da kwano. Ta leƙa ta wata kafa: jar ƙasa ce fetal, da katafila, da tarin gora a bushe.

"Gidaje za a gina," wani mai gadin wurin ya ce. "Ai an daɗe da sharewa."

Suka komo da robobin. Mubina ta samo gora ta huda, ta zuba ruwa, ta jira. Kwaɗin ba su yi ƙwai ba. Suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen namiji ne, ya daɗe yana kiran mace bayan babu ko ɗaya. Da ya mutu ta saka shi a kwalbar sinadari, ta zauna ta ci gaba da rubutun digirinta.