Ruwan Karan Dafi

Abdulhafiz yana tsaye a bakin gadon ƙanwarsa Hafsat lokacin da nas Stella ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna masa. Fari fat. Ga tsohon ciki, ga jini ya yi ƙasa, ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ta wajen awo kuwa suna cikin jaka ba a taɓa su ba.

Stella ta tambayi wanda ya ce ta daina sha. Hafsat ta nuna yayanta da haɓa, har da alfahari.

Bai taɓa faɗin haka ba. Ko ya faɗa? Abin da ya iya tunawa shi ne hutun da ya zo gida Kafanchan da buhun karan dafi daga Kachia, ya shanya a tsakar gida. Da Inna ta tambaya, ya ce jan launin jikin karan yake tatsowa a jami'a, ana duba ko yana taimakon jini. Ana duba, ya ce. Kafin ya koma makaranta unguwa ta ji cewa jami'a ta tabbatar, har matan zumunta na cocin bayan layi suna aikowa a tambayi Dokta, kamar yadda suke kiransa, kofi nawa ake sha.

Shi kuwa wasu ɓerayen gwajinsa sun farfaɗo, wasu ba su canja ba, malaminsa ya ce a sake daga farko.

Inna ta shigo da filas, ta tsiyaya jan ruwan karan dafin a murfi.

"Sista, ɗana ne ya karanta abin nan. Gaya mata, Abdul."

"To, Malam, muna jin ka," in ji Stella. "Yana aiki ko ba ya yi?"

"Ban sani ba, Inna."

"Duk shekarun nan?" in ji Inna.

Ya ɓare ƙwaya ɗaya ya ɗora a tafin Hafsat. Ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta jefa a baki, ta karɓi murfin daga hannun Inna ta kora da shi.

Sai a lokacin ya tuna ya taɓa karanta cewa irin wannan jiƙo yana iya hana ƙwayar shiga jiki. A kan karan dafi aka rubuta, ko a kan shayi? Ya kasa tunawa. Ya ɗauke filas ɗin daga gefen gado, ya fita neman ruwan leda.