Jan Fenti a Bangon Kawu

Injiniya ta dangwarar da wayarta a teburin Dogo, abokin aikinta, har shayinsa ya fallatsa. A fuskar wayar hoton wani bango ne da aka zabga wa alama da jan fenti.

"Gidan kawuna ke nan. An ce katafila na tafe. Buɗe min manhajar da ka rubuta."

"Haba Injiniya, ko sallama babu? Ni lissafi na yi, ba ni na shafa fenti ba."

"Buɗe, na ce!"

Aikin ofishinsu ba mai wuyar fahimta ba ne. Ma'aikata kan fita da na'ura su ɗauko latitud da longitud, wato lambobin da ke nuna mazaunin kowane gida a doron ƙasa. To, duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, shi ya sa sai manhaja ta juya lambobin zuwa mitoci, gabas kaza, arewa kaza, kafin a ɗora gidajen a kan taswirar sabon titi. Sai dai da tsohon ma'auni aka zana taswirar, na'urorin kuma da sabo suke aiki. Tazarar da ke tsakanin biyun ta kai faɗin layin gidaje guda. In ba a gaya wa manhaja ba, ba za ta sani ba.

Ta ture shi gefe ta zauna a kujerarsa, tana bin rubutun layi-layi. Can ta tsaya cak. Layin da ke daidaita ma'aunan biyu na nan, amma an sa masa alamar da ke hana shi aiki.

"Wa ya kashe wannan?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ƙorafi yake ta kawowa, ga Darakta tsaye a kaina. Da na rufe masa baki, sai komai ya tafi sumul. Na ce zan dawo kansa."

"Ka rufe masa baki! Allah ya so mu ba likita ka zama ba. Da mara lafiya na nishi, sai ka cusa masa tsumma ka ce ya warke."

"A yi haƙuri mana."

"Ni za ka ba haƙuri? Je ka ba tsohon da ya yi shekaru yana taka keken ɗinki kafin ya ɗora kwano a kansa. Tun da aka shafa fentin nan ko ruwa ba ya iya haɗiya."

Ta cire alamar, ta gyara sunan ma'aunin da ya sa layin ƙorafi, ta sake kunna manhajar. A kan allo gidajen suka zame gefe gaba ɗaya, gidan Kawu ya fita daga bakin titi sarai. Gidajen tsallake kuma suka shige ƙarƙashinsa.

Ba ta tsaya duba su ba, ta kira Kawu a waya.

"Kawu, kuskure ne daga wajenmu. Gidanka ba ya ciki."

"Alhamdu lillahi! Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ashe wahalar banza muka sha. Ai duk mun kwashe kaya zuwa gidan Mai Wanki, nan tsallake, ƙofa na kallon ƙofa. Bawan Allah, ɗakinsa ya bar mana, shi da yaransa suka koma zaure. Bari in je in yi masa albishir."

Injiniya ta matsa kusa da allon. Gidan da ke kallon na Kawu, titin ya raba shi biyu.

"Kawu," ta ce a hankali, "dakata tukuna. Kada ka ce masa komai. Ga ni nan zuwa."

Dogo ya leƙo. "A tura wa Darakta sabuwar taswirar?"

Ta ɗauki jakarta ba ta dube shi ba.

"Tura."